Tarihin Ƙaramin Gida na Huntsville Mai Tsaya wa Yaran da Aka Zalunta

A kudancin ƙasar Amurka akwai wata jiha da a ke kira Alabama. Can arewacinta, kusa da kogin Tennessee, akwai wani gari sunansa Huntsville. Da fari garin auduga ne, daga baya ya yi suna wajen aikin roka, gama a nan ne aka tsara rokar da ta kai mutane kan wata cikin 1969. Amma labarin da za a bayar a nan na wani ɗan ƙaramin gida ne da aka buɗe a garin cikin 1985, domin yaran da manya suka zalunta, ko da duka ko da lalata. Daga wannan gida ne ɗaruruwan gidaje irinsa suka tsiro a Amurka da ƙetare. Mai karatu ba zai gane dalilin kafa shi sosai ba sai an koma baya shekara ɗari da 'yan kai, an ga yadda hukumar ƙasar ta fara sauraron kukan yaro.

LABARIN MARY ELLEN

A zamanin da, abin da uba ko mariƙi ya yi wa yaro cikin gida, da wuya hukumar Amurka ta sa baki. A ƙarshen 1873, a birnin Niyu Yok, wata mata mai aikin mishan, sunanta Etta Wheeler, wadda ta saba ziyartar marasa lafiya a unguwar matalauta, ta sami labarin wata yarinya da a ke kullewa a ɗaki ana dukanta kullum. Sunan yarinyar Mary Ellen Wilson, ba ta cika shekara 10 ba. Ubanta ya mutu a yaƙin basasar Amurka, uwarta kuwa talauci ya raba su, aka ba da ita riƙo. Etta ta yi dabara ta shiga gidan, ta ga yarinyar da idonta, ga ta a rame, ba takalmi cikin tsananin sanyi, jiki duk tabo.

Etta ta yi ta neman wanda zai fid da yarinyar, ba ta sami mai ƙarfin halin shiga tsakanin yaro da mariƙinsa ba. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta tafi wurin Henry Bergh, mutumin da ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a birnin cikin 1866. Bergh ya sa lauyansa, Elbridge Gerry, ya kai maganar kotu. Cikin watan Afril na 1874 aka ɗauko Mary Ellen aka kawo ta gaban alƙali, da rauni a fuska inda aka yanke ta da almakashi. Ta faɗi abin da a ke yi mata da bakinta, jaridu suka buga, aka ɗaure mariƙiyar shekara guda.

Mutane da yawa sun ɗauka da dokar dabbobi aka cece ta. Ba haka ba ne, Gerry ya yi aiki da wata tsohuwar doka ce ta fid da wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Amma saboda wannan shari'a aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara ta Niyu Yok, aka yi mata rajista cikin 1875, ita ce irinta ta farko a duniya. Mary Ellen ta girma a hannun dangin Etta, ta yi aure, ta sa wa 'yarta sunan Etta, ta rasu cikin 1956 tana da shekara 92.

LIKITOCI SUN BUƊE IDON JAMA'A

Ƙungiyoyi irin wannan sun yaɗu, sun yi aiki gwargwadon ƙarfinsu, amma bayan 'yan shekaru sai maganar ta lafa. Likitoci ne suka sake ta da ita. Cikin 1946 wani likita mai duba hoton ƙashi, John Caffey, ya rubuta labarin jarirai shida waɗanda jini ya taru musu cikin ƙwanyar kai, ga kuma karaya a ƙasusuwan hannu da ƙafa, alhali iyayensu sun ce ba su san abin da ya same su ba. Hoton ƙashi yana nuna tsohuwar karaya da sabuwa, saboda haka likita yana iya gane cewa ba faɗuwa ɗaya ce ta yi wannan ɓarna ba.

Wanda ya fito fili ya kira abin da sunansa shi ne Henry Kempe, likitan yara a birnin Denver. Cikin watan Yuli na 1962 shi da abokan aikinsa huɗu suka buga wata maƙala a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a kan yaran da a ke yi wa mugun duka. Sun tambayi asibitoci 71, aka ba su lissafin yara 302 cikin shekara guda. Cikinsu 33 sun mutu, 85 kuwa ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Maƙalar ta girgiza mutane ƙwarai. Daga 1963 zuwa 1967 duk jihohin Amurka suka yi dokar da ta tilasta wa likita ya kai rahoto in ya ga alamar an zalunci yaro. Daga baya aka ƙara da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da waɗansunsu. Cikin 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar ƙasa ta hana zaluntar yara, wadda ta ba jihohi kuɗi bisa sharaɗin su tsara hanyar karɓar rahoto da bincike.

Har zuwa lokacin nan yawancin maganar a kan duka ta ke. Lalata da yara kuwa an rufe ta da kunya. Ƙungiyoyin mata ne suka matsa a kanta, Kempe ma cikin 1977 ya gargaɗi 'yan'uwansa likitoci cewa ga wata cuta nan a ɓoye. Aka gane cewa galibin masu wannan aika-aika ba baƙi ba ne, mutane ne da yaro ya sani ya amince da su, na cikin gida, ko maƙwabta, ko masu kula da shi. Da mutane suka fara magana, rahoto ya yi ta kwararowa ofisoshin hukuma fiye da yadda aka shirya masa.

WAHALA TA BIYU

A nan ne wata sabuwar matsala ta ɓullo, wadda ba wanda ya nufa. A ce yarinya 'yar shekara 7 ta gaya wa malamarta abin da mijin uwarta ya ke yi mata. Malamar za ta kai ta wurin shugaban makaranta ta maimaita. Ma'aikaciyar kula da yara ta zo ta tambaye ta. Ɗan sanda ya zo da kayan sarki da bindiga a ƙugu ya tambaye ta, wataƙila ma a caji ofis, inda a ke shigo da masu laifi da ankwa. Daga nan sai asibiti, likita ya tambaye ta ya duba ta. Sa'an nan lauyan gwamnati, sa'an nan kotu. Ko wane ɗayansu yana da takardarsa da tambayoyinsa, ba mai sanin abin da ɗan'uwansa ya riga ya rubuta.

Wannan hali ya jawo ɓarna iri biyu. Ta farko a zuciyar yarinyar ta ke. Yaro in aka yi ta maimaita masa tambaya guda, sai ya zaci ba a yarda da shi ba ne, ko kuwa shi ne mai laifi. Ga shi kuwa a gida ana iya yi masa gori, a ce shi ya jawo wa iyali abin kunya, ya sa an kama mai ciyad da su. Yara da yawa a nan su ke janye maganarsu, su ce ba abin da ya faru, su koma hannun wanda ya cuce su. Ta biyu a kotu ta ke. Labarin da ƙaramin yaro ya faɗa wa mutane daban daban cikin watanni ba ya rasa 'yan bambance-bambance. Lauyan wanda a ke tuhuma sai ya jera takardun gaban alƙali ya ce ga shi nan yaron ƙarya ya ke yi. Ta haka mai laifi kan kuɓuta, yaro kuwa ya fita da sabon ciwo a kan na da.

AN BUƊE ƘARAMIN GIDA

Mutumin da ya tashi gyaran wannan al'amari a Huntsville sunansa Robert Cramer, amma an fi saninsa da Bud Cramer. An haife shi a garin cikin 1947, ya yi karatun lauya, cikin 1981 ya kama aikin babban lauyan gwamnati mai gabatar da ƙararraki na gundumar Madison, wadda Huntsville ke cikinta. Aikinsa ne ya kai masu laifi gaban shari'a, saboda haka ya ga da idonsa yadda ƙararrakin yara ke rushewa, ya kuma gane cewa ofishinsa yana cikin masu wahal da yaran.

Cramer bai nemi sabuwar doka ba tukuna. Ya tara 'yan sanda, da ma'aikatan kula da yara, da likitoci, da masu jiyyar zuciya, da waɗansu mutanen gari, suka yi ta zama. Zaman bai zo da sauƙi ba, domin aikinsu ya sha bamban. Ɗan sanda shaida ya ke nema ta kama mai laifi. Ma'aikaciyar kula da yara tana duba inda yaro zai kwana lafiya yau da dare, in da hali kuma kada gida ya watse. Likita yana da amanar sirrin mara lafiya a wuyansa. Ko wane ofis yana kishin ikonsa da takardunsa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙarshe suka yarda da magana guda, watau a daina yawo da yaro daga ofis zuwa ofis, ma'aikata su ne za su zo inda yaro ya ke.

Suka sami wani tsohon gidan zama a cikin gari, suka gyara shi, suka sa kujeru daidai tsawon yara, da kayan wasa. Cikin 1985 aka buɗe shi. Sunansa a Turance National Children's Advocacy Center, ma'anarsa cibiyar ƙasa mai tsaya wa yara, amma mutanen garin Ƙaramin Gida su ke ce masa. Da gangan aka zaɓi gidan zama, don yaro ya shiga ba tare da faɗuwar gaban da a kan yi a ƙofar caji ofis ko asibiti ba.

YADDA A KE AIKI A GIDAN

Tsarin da aka fara a nan, aka yi ta gyara shi shekara da shekaru, ga yadda ya ke. In rahoto ya zo wa 'yan sanda ko ma'aikatan kula da yara, sai a kawo yaron gidan tare da wani babba nasa wanda ba a tuhuma. Wanda a ke tuhuma ba a barinsa ya shiga. Ba a karɓar ko kwabo daga iyali.

Mutum ɗaya ne ke zama da yaron, wanda aka koya wa yadda a ke magana da yara. Sauran ma'aikata suna wani ɗaki suna kallo suna saurare. A da ta wani madubi su ke kallo, wanda a ke gani ta gefe guda, yanzu kuwa galibi ta talabijin, ana kuma ɗaukar maganar a ajiye. In suna da tambaya sai su aika wa mai hirar, shi ya san yadda zai yi ta da harshen yara. Ba a ɓoye wa yaron cewa akwai masu kallo ba.

Mai hirar ba ya farawa da maganar laifi. Sai ya fara da abin da yaron ke so, wasa ko makaranta, har ya saki jiki. Sa'an nan ya gaya masa ƙa'idodin ɗakin: in bai san abu ba ya ce bai sani ba, kada ya yi cinta, in bai gane tambaya ba ya faɗa, in babba ya yi kuskure ya gyara masa, kuma abin da ya faru da gaske kaɗai za a faɗa. Bayan wannan sai ya ce, misali, "Gaya mini abin da ya kawo ki nan yau." In ta faɗi kaɗan ta yi shiru, sai ya ce, "Sa'an nan me ya faru?" Ba zai ce, "Wane ne ya taɓa ki, ko ba shi ba ne?" ba, domin wannan sa wa yaro magana a baki ne.

Bayan hira akwai duban likita, wanda ya ƙware a kan jikin yara. Likitoci sun gano cewa mafi yawan yaran da aka yi lalata da su ba a ganin rauni a jikinsu, ko don irin abin da aka yi, ko don jikin yaro yana saurin warkewa, ga shi kuma yara kan daɗe ba su faɗa ba. Saboda haka rashin rauni ba ya nuna ƙarya yaro ya yi. Duban yana da wani amfani kuma, gama yaro da iyayensa su kan sami kwanciyar rai in likita ya ce jikinsa lafiya lau ya ke.

Akwai kuma ma'aikacin da aka keɓe don iyali, mai bayyana musu yadda shari'a ke tafiya, ya raka su kotu, ya nuna musu inda za su sami taimako in mai ciyad da gida ne aka kama. Sa'an nan akwai jiyyar zuciya, inda yaro ke zuwa mako mako na 'yan watanni, a koya masa yadda zai shawo kan tsoro da mugun mafarki, a tabbatar masa ba laifinsa ba ne, a kuma koya wa uwa ko mariƙi yadda za su tallafe shi. Daga ƙarshe ma'aikatan duka su kan zauna lokaci lokaci su bi ƙararrakin ɗaya bayan ɗaya, don kada wata ta ɓace tsakanin ofis da ofis.

DARASIN MAKARANTAR McMARTIN

Wannan tsantseni wajen tambaya yana da dalili. Daidai lokacin da a ke shirya gidan Huntsville, wata shari'a ta tashi a jihar Kalifoniya a kan wata makarantar renon yara mai suna McMartin. Cikin 1983 wata uwa ta kai ƙarar wani malamin makarantar. 'Yan sanda suka aika wa iyaye wajen 200 takarda, suka ce su tambayi 'ya'yansu, gari ya ruɗe. Aka yi hira da ɗaruruwan yara, masu hirar kuwa suna matsa musu, suna yabon wanda ya ce an taɓa shi, suna ce wa wanda ya musa ai abokansa sun riga sun faɗa. Yara suka shiga ba da labaran da hankali ba ya ɗauka. Aka tuhumi mutum 7, daga baya aka janye ƙarar 5. Shari'a ta ja har 1990, ta ci kuɗi wajen dala miliyan 15, malamin nan ya yi shekara 5 a tsare, a ƙarshe ba a sami kowa da laifi ba.

Garin neman gira an rasa ido. An ɓata sunan mutane, an rikita yara, jama'a kuma suka fara shakkar maganar yara gaba ɗaya, har da masu gaskiya. Masana suka duƙufa binciken yadda yara ke tunawa da abu. Suka tarar ko ƙaramin yaro yana iya ba da labari daidai in an bar shi ya faɗa da bakinsa, amma in babba ya yi ta cusa masa magana yana iya karɓa har ya gaskata. A kan wannan ilmi aka gina ƙa'idodin hira na yau, gidan Huntsville kuwa ya zama ɗaya daga manyan wuraren koyad da su. Tambaya mai tsabta tana kare yaron da aka cuta, tana kuma kare babban da aka yi wa ƙazafi.

YADDA YA ZAMA CIBIYAR KUDU

Labarin Ƙaramin Gida ya bazu, mutane suka riƙa zuwa daga waɗansu jihohi su gani su koma su kafa nasu. Cikin 1987 Cramer ya haɗa gidajen cikin ƙungiya guda, wadda daga baya ta zauna a Washinton. Ita ce ke gindaya sharuɗɗan da gida zai cika kafin a amince da shi, ta kuma sake duba shi bayan ko wace shekara 5. Cikin 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka a kan yaran da aka zalunta. A wannan shekara kuma aka zaɓi Cramer ɗan Majalisar Wakilai, inda ya zauna daga 1991 zuwa 2009. Da ƙoƙarinsa aka yi wa dokar ƙari cikin 1992, gwamnatin tarayya ta fara ba gidajen kuɗi.

Amurka ƙasa ce mai faɗi, ofis ɗaya ba ya iya kula da ita duka. Saboda haka cikin 1995 Ma'aikatar Shari'a ta raba aikin kashi huɗu: arewa maso gabas, tsakiya, yamma da kudu. Aka danƙa riƙon cibiyar kudu ga gidan Huntsville, tana kula da jihohi 16 da birnin Washinton, tun daga Delaware da Maryland a gabas har Teksas da Oklahoma a yamma.

Cibiyar yanki ba ta karɓar yara. Aikinta shi ne ta taimaki masu karɓarsu. In mutanen wata gunduma suna so su buɗe gida, ita ce ke nuna musu yadda za su shawo kan shugaban 'yan sanda da lauyan gwamnati su sa hannu a yarjejeniya, da yadda za su nemi kuɗi, da yadda za su cika sharuɗɗan ƙungiya. Tana horad da shugabannin gidaje, tana sulhunta ma'aikatan da suka sami saɓani. Wannan aiki ya fi muhimmanci a karkara, inda gunduma guda ba ta da likitan yara ko mai jiyyar zuciya, sai iyali su yi tafiyar sa'o'i. A irin waɗannan wurare gundumomi da yawa kan haɗu a gida guda, ko a buɗe ƙaramin reshe, ko a yi jiyya ta hoto mai motsi a intanet. Da aiki ya yi yawa Ƙaramin Gida ya kasa ɗauka, cikin 2003 aka koma sabon gini mai faɗi, mai ɗakunan koyarwa. Ko wace shekara kuma a kan yi babban taro a Huntsville na masu wannan aiki daga ƙasashe daban daban. Gidajen da ke bin wannan tsari a Amurka sun haura 900, yaran da su ke karɓa a shekara kuwa sun fi 300,000.

TSARIN YA ƘETARE TEKU

A tsibirin Aislan, can arewacin Turai, shugaban hukumar kare yara, Bragi Gudbrandsson, ya ɗauko wannan tsari ya buɗe gida a birnin Reykjavik cikin 1998. Suka sa masa suna Barnahus, watau gidan yara. Suwidin ta bi cikin 2005, Norwe cikin 2007, Danmak cikin 2013, daga nan ya yaɗu cikin Turai.

Akwai bambanci guda babba. A waɗannan ƙasashe gwamnati ce ke riƙe da gidan, hirar kuwa ana yinta bisa ƙa'idar shari'a, lauyan wanda a ke tuhuma yana kallo daga wani ɗaki yana aika tambayarsa. Abin da aka ɗauka shi ne shaidar da za a nuna a kotu, ƙaramin yaro ba sai ya je ba. A Amurka kuwa tsarin mulki ya ba wanda a ke tuhuma ikon fuskantar mai ba da shaida a kansa. Cikin 1990 Kotun Ƙoli ta yarda yaro ya ba da shaida ta talabijin daga wani ɗaki in an tabbatar ganin mutumin zai firgita shi. Amma cikin 2004 ta ƙara tsananta cewa maganar da aka ɗauka don shari'a ba ta isa shaida ba sai an ba wanda a ke tuhuma damar yi wa mai ita tambayoyi. Saboda haka in ƙara ta kai ga shari'a, yaron Amurka galibi sai ya ba da shaida da kansa. Abin da gidan ke iya yi shi ne ya shirya shi, ya nuna masa ɗakin kotu tun kafin ranar, ya sa wani ya raka shi.

ABIN DA AKA SAMU DA ABIN DA YA RAGE

Masana na Jami'ar New Hampshire sun auna aikin gidaje huɗu, har da na Huntsville, suka gwada su da garuruwan da ba su da irin gidan, suka buga sakamakon cikin 2007 da 2008. Sun tarar inda akwai gida 'yan sanda da ma'aikatan kula da yara sun fi yin bincike tare, yaran da likita ya duba sun kai ninki biyu, an fi tura yara jiyyar zuciya, iyaye kuma sun fi gamsuwa da yadda aka bi da su. Sun kuma tarar da abubuwa biyu da ba a zata ba. Yawan hirar da a ke yi da yaro bai bambanta sosai ba, domin a lokacin ko garuruwan da ba su da gidan sun riga sun rage ta zuwa ɗaya ko biyu. Kai ƙara kotu kuwa bai ƙaru ba sai inda 'yan sanda da lauyan gwamnati suka shiga aikin da gaske. Watau gini da kayan wasa ba su isa ba, amfanin gidan yana ga haɗin kan ma'aikatan da ke cikinsa.

Wahaloli ba su ƙare ba. Yawancin gidajen suna rayuwa ne da kuɗin gwamnati da gudummawar jama'a, ko wace shekara sai an sake nema. Ma'aikacin da ke sauraron irin waɗannan labarai kullum ya kan gaji a zuci, waɗansu su bar aikin, a koma horad da sababbi. Mugaye kuma sun sami sabuwar hanyar kai wa ga yara ta wayar hannu da intanet. Babbar wahala ita ce gidan ba ya iya taimakon yaron da bai faɗa ba, yara da yawa kuwa ba su faɗa sai sun girma. Don haka gidan Huntsville ya ƙara da aikin rigakafi, yana koya wa iyaye da malamai alamun da za su lura da su, da abin da za su yi in yaro ya buɗe baki: su saurare shi a natse, kada su tsawata masa, kada su yi ta tono shi da tambaya, su kai maganar wurin waɗanda aikinsu ke nan.

Wannan shi ne taƙaitaccen tarihin Ƙaramin Gida na Huntsville. Daga ranar da Mary Ellen ta tsaya gaban alƙali a Niyu Yok zuwa ranar da aka buɗe shi shekara 111 ke nan. Cikin waɗannan shekaru Amurkawa sun fara yarda cewa hukuma tana da ikon shiga tsakanin yaro da mai cutarsa, sa'an nan likitoci suka koya musu gane alamar cuta. Abin da mutanen Huntsville suka ƙara shi ne yadda za a karɓi maganar yaro da sauƙi, a wuri guda, gaban duk waɗanda alhakinsa ke wuyansu.